Kunyar 'Yar Fari a Woolwich

A shekararmu ta biyu a Landan aka kusa raba ni da 'yar farina. Ba maƙiyi ne ya jawo mini ba, matar da ta fi kowa yi mana alheri a garin ce.

Maigidana fasto ne. Ikilisiyarmu ta can wajen Malumfashi ce ta turo shi karatun tauhidi, don in ya koma ya koyar a makarantar horar da fastoci. Muka taho da 'ya'ya mata biyu, babbar tana da shekara tara, ƙaramar biyar. Masauki kuwa wasu Kiristoci ne suka ba mu, waɗanda ake kira Kweka, su kuma suna kiran junansu Abokai. Suna da ɗakin taro a wajen Woolwich, a samansa akwai ɗan flat mai ɗaki biyu. Aikinmu shara, jera kujeru da buɗe ƙofa. Da safe maigida ya kama jirgi zuwa makarantarsa a Aldwych, ni in kai yara makaranta in dawo in ɗauki tsintsiya.

Sujadarsu ce ta fara ba ni tsoro. Ba waƙa, ba wa'azi, ba fasto. Sai su zauna a zagaye su yi tsit, wai suna jiran Ruhu ya yi magana. Ni da na tashi a zumuntar mata, inda ake buga tulu har ƙura ta tashi! A garinmu in ka ga manya sun zauna shiru haka, ko dai gawa ce a ɗaki, ko an kira wani za a yanke masa hukunci. Maigida ya ce abin yana da zurfi, har ya ɗauke shi ya yi rubutun makaranta a kai. Ni dai duk Lahadi ina zaune ina jin ƙugin cikin wani tsoho, ina jira a faɗi laifin wa aka taru a kai.

A cikinsu akwai wata tsohuwa da yarana suke kira Kaka. Ita da marigayi mijinta sun yi shekaru suna aikin mishan a yammacin Kenya, shi yana koyar da masu wa'azi, ita tana koyar da matansu. Ita ta kawo mana rigunan sanyi, ita ta kai mu muka yi rajista wurin likita. Ba ta iya kwana-kwana ba. In ta ce za ta zo, za ta zo. In miyarki ta yi yaji za ta gaya miki tana ci. Sannan tana da ido, irin idon da in ya sauka a kanki sai ki duba ko ɗankwalinki ya karkace.

Mu a wurinmu mace tana jin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta jansa a jiki a gaban mutane. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, amma shekarar da ya kwanta ciwo ita ce ta rame. Baftisma ba ta wanke mana wannan ba, kuma ban taɓa jin wani fasto ya ce zunubi ne ba. Saboda haka babbar 'yata "ke" ce, ko "yarinyar nan". Ƙaramar kuwa sunanta yana bakina kamar goro.

Ranar da Kaka ta fara tambayata sunan babbar, dariya na yi na juya na ce da ƙaramar ta gaya mata. Ta bi ni da ido. Da aka ba yarinyar kyauta a makaranta, kowa yana tafi, na sunkuyar da kai ina gyaran zane, zuciyata fari ƙal. Kaka tana kujerar kusa da ni. Wata Lahadi kuma yarinyar ta zame a matakala ta fasa leɓe a gaban jama'a. Na so in ruga wurinta, amma na tsaya cak na ce da ubanta ya duba ta. Da na ɗago, idon nan yana kaina.

Abin da ya ƙarasa ɓata lamarin a wurin shan shayi ya faru, bayan sujada. Surukata ta daɗe tana aiko saƙo cewa a mayar mata da jikarta, don 'yar fari ta kaka ce, aro ta ba mu. Ba mu ma yanke shawara ba. Wata ta tambaye ni me za mu yi da dogon hutu, ni kuma da ɗan Turancina na ce wataƙila babbar ta koma gida wurin kakarta. Ta ce hutu? Na ce a'a, zama, ai dama ba tawa ba ce. Haka kowace mace mai kunya za ta faɗa. Kaka ta ajiye kofinta a kan tebur a hankali, shayin ko rabi ba ta sha ba.

Daga nan alheri ya yi mana yawa. Kowa ya riƙa gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai jinya. Wannan ta gayyaci yarinyar shan shayi, wannan ta ɗauke ta zuwa ɗakin karatu. Malamar ajinsu ta tare ni a bakin ƙofa tana tambaya ko komai lafiya a gida. A sujada sai na lura shirun ya canza, in na ɗaga kai sai in ga wani ya yi sauri ya rufe ido. Na gaya wa maigida, ya ce zargi ne kawai, mutanen nan ba su iya munafunci ba. Na ce ai shi ne abin tsoron.

Akwai wata Hajiya 'yar Kano, nas ce, tana zaune a Thamesmead. A wurin mai kifi muka saba a kasuwar Woolwich, ta ji ina faɗa da ƙaramar da Hausa. Na ba ta labari muna tsaye da ledojinmu, ina jiran ta yi dariya. Ba ta yi ba.

"Matar Fasto, kin ce musu ba taki ba ce? Da bakinki?"

"To Hajiya, me zan ce? In ce tawa ce, kamar marar kunya?"

"Innalillahi. Ke, nan ba gida ba ne. An yi reporting ɗinki, an kai ƙararki, ko ana shirin yi. In council, hukumar gari, suka shigo, sai abin da Allah ya yi. Na ga an ɗauke yara a block ɗinmu, uwar tana birgima a ƙasa, ko kallonta ba su yi ba. Ki koma ki rungume 'yarki a gaban kowa, ki kira ta darling, ki ajiye kunyar nan sai kin sauka a Kano."

Na juya na hau bas. Na manta kifin a wurin mai kifi.

Hajiya ta yi gaskiya, kuma Kaka da kanta ta hau sama ta gaya mini, da hantsi, yara suna makaranta. Ta ƙi zama. Ta ce ta kai maganar ga matar da ke kula da lafiyar yara a taronsu, ita kuma ta sanar da council, za su turo ma'aikaciya. Ta ce ba ta so in ji a bakin wani, don ba ta yin abu a ɓoye. Raina ya ɓaci. Na ce mata da Hausa da Turanci a haɗe, ita da ta zauna a Afirka shekara da shekaru, ba ta koyi komai ba sai shan shayi? Na ce ta tambaye ni mana, ina bakina ya tafi?

Ta bari na gama. Sannan ta ce lokacin da suke Kenya ɗansu yana da shekara bakwai suka sa shi a jirgi zuwa makarantar kwana a Ingila, don haka duk 'yan mishan suke yi, kuma kowa ya ce mata al'ada ce, yaro zai saba. Ta ce ba ta yi kuka a gabansa ba don kada ta karya masa zuciya. Yanzu ya yi furfura, yana zaune a garin da jirgin ƙasa ke zuwa kullum, kuma bai taɓa kawo mata 'ya'yansa ba. Ta ce a lokacin ba wanda ya tsaya ya tambayi yaron, ita kuwa ba za ta zauna ta ga an sake ba.

Na ji tausayinta, ba zan ɓoye ba. Amma na tsane ta a wannan safiyar, don ta ɗauko ciwonta ta ɗora wa 'yata. Ta sauka a hankali tana riƙe da ƙarfen matakala, ban raka ta ba.

Kafin ranar zuwan ma'aikaciyar gidanmu ya zama wani iri. Maigida ya daina zuwa laccoci, ya zauna yana koya mini abin da zan faɗa kamar mai shirin baftisma. Ya kira uwarsa ya ce maganar komawa ta mutu, ta yi fushi ta kashe waya. Na gwada shawarar Hajiya sau ɗaya. Yarinyar tana wanke kwanuka na zo ta baya na dafa kafaɗarta, ta zabura har kofi ya suɓuce mata. Ta juyo tana dubana tana jiran faɗa. Na ce ta kula da kofin, na fita. Ba mu gaya wa yaran komai ba, mun ce baƙuwa za ta zo. Mun manta cewa bangon flat ɗin nan ko tari aka yi ana ji.

Ma'aikaciyar ta zo da la'asar, bayan an tashi makaranta. Matashiya ce baƙar fata, da kati rataye a wuya, ta cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce ta cire ba. Ta duba ɗakin yaran, ta buɗe firij, ta zauna. Maigida ya buɗe baki ya shiga bayani, al'ada, tarihi, ayoyi, har da abin da malamansa suka ce. Ta saurare shi da haƙuri, sannan ta ce da shi ya gode, amma da uwar take so ta yi magana.

Yaran suna zaune a kan kujera ɗaya. A gabansu ta tambaye ni ko ina son babbar 'yata.

Na san amsar, na yi ta bitarta. Kalma ɗaya ce da Turanci. Amma ga mijina, ga baƙuwa, ga yarinyar ta zuba mini ido, sai na ji kamar an ce in tuɓe a kasuwa. Na ji bakina yana cewa yarinya ce mai hankali, ba ta ba ni wahala. Maigida ya runtse ido. Ma'aikaciyar ta jira, irin jiran Abokan nan na ɗakin taro, ta ga ba ƙari, ta ce za ta gana da yarinyar ita kaɗai.

Suka shiga ɗaki aka rufe ƙofa. Na zauna ina kallon ƙofar nan ina addu'ar da ba ta da kalmomi. A ƙasa wani yana jan kujeru don taron yamma. Na riƙa lissafa abin da zan yi in ta fito riƙe da hannunta: in tare ƙofa, in kwanta a matakala, in yi birgima kamar matar Thamesmead. Ƙaramar ta hau cinyata na ture ta, abin da ban taɓa yi ba.

Da ta fito ita kaɗai ta fito. Ta ce ba ta ga alamar duka ko yunwa ba, ba za a ɗauki kowa ba. Amma maganar ba ta rufu ba, za ta riƙa dawowa, kuma kada yarinyar ta bar ƙasar sai sun sani. Ta ce ita ma tata kakar a Ghana haka take yi da babanta, ta gane. Tana sa takalmi ta ƙara da cewa, ita ta gane, amma ba ita ce ke buƙatar ganewa ba. Maigida ya raka ta ƙasa yana ta godiya.

Na tura ƙofar ɗakin. Yarinyar tana zaune a bakin gado, ta sa rigar sanyinta har wuya, ta ɗaure takalmi. A gefenta jakar makarantarta ce, ta kumbura. Ta zazzage littattafan a ƙasa ta cusa kayan sawa, hannun rigar barcinta yana leƙowa ta zif. Ba kuka take ba. Da kuka take da na san abin yi.

Na ce, "Ke, mene ne wannan?"

Da Turanci ta amsa, kamar kullum. Ta ce ta ji muna cewa za a zo a tafi da ita, ba ta so ta ɓata wa matar lokaci.

"Wa ya ce miki zan bari?"

Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce ai da wurin kakarta za a kai ta, yanzu kuma council, ta ɗauka duk ɗaya ne a wurina.

Na durƙusa a gabanta na kama ƙafafunta biyu, takalmi da komai. Na ce mata in dai ina numfashi ba mai fita da ita daga gidan nan, ko council, ko kakarta, ko ubanta. Na faɗa da ƙarfi, ban damu ko na ƙasa suna ji ba. Ta dube ni yadda ake duban baƙo mai kirki.

"Okay, Mama," in ji ta.

Ta cire rigar sanyin ta rataye, ta kwance takalmin ta jera. Jakar kuwa ba ta buɗe ba. Ta sunkuya ta tura ta can ƙarƙashin gado, washegari ta zuba littattafanta a leda ta tafi makaranta. Har maigida ya gama karatunsa muka bar flat ɗin nan jakar tana wurin a ɗaure, kuma kowace safiya in ina shara sai bakin tsintsiyata ya taɓa ta.