Muryar Inna a Cikin Kwamfuta

Tun da Inna ta rasu a Basirka nake fargabar kada muryarta ta ɓace mini. Waƙar reno ɗaya ta yi wa 'yata, na ɗauka a waya, maigidana ya kwashe ta zuwa kwamfutarsa kafin wayar ta lalace.

Ranar da muka zo ji, sai ta ƙi buɗuwa. Ya ce manhajar da ke buɗe ta ta waya ce, kwamfuta ba ta jin yarenta. Ya saka wata manhaja mai kwaikwayon waya, sai ga waya sukutum ta fito a fuskar kwamfutar. Nan take kwamfutar ta ɗau zafi, tana huci kamar yaro mai zazzaɓi. Na jiƙo tsumma zan shafa mata.

"Ke! Kashe ta za ki yi? Ɗauko mafici!" in ji shi.

Ina fifita sai ga muryar Inna tana tsinkewa. Ba ta kai ƙarshe ba komai ya tsaya cak. Har yau ban yarda an sake gwadawa ba.

Don Allah, wanda ya san yadda ake fito da waƙar nan lafiya, ya gaya mini kafin yarinyar ta yi wayo.