Rigar Aikin Mai Tayil

Mai Tayil mutum ne mai tsoron ƙura, kuma ba ya ɓoyewa. Abokan aiki kullum cikin yi masa tsiya suke, wai yana ɗaure hanci kamar mai yashe masai. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ga yadda maigidan da ya koya masa yankan tayil da dutse ya ƙare, a zaune, numfashi na gagararsa.

A wurinsa ƙura iri uku ce. Mai tsakuwa-tsakuwa, kafin ka kashe injin yanka ta zube ƙasa, wannan ba ruwanta da kowa. Ta tsakiya, kafin ka sha ruwa ta kwanta a kan taga. Ta ukun ita ce shegiyar. Don tsabar ƙanƙanta iska ke riƙe ta tana yawo da ita, sai ta wuni ba ta taɓa ƙasa ba. Ka buɗe ƙofa ta tashi, ɗumin jikinka ma ya ishe ta hawa sama. Ido ba ya ganinta, in kuma ta shiga huhu ta samu gidan zama. Shi ya sa ba ya yanka sai yana zuba ruwa a bakin injin, ba ya shara a bushe, ko da na kusa da shi suna tayar da tasu son ransu.

Rigunan aikinsa biyu ne. Ya tuɓe ɗaya a bakin ƙofa da yamma, ya ɗauki ɗaya a ninke da safe. Duk wayonsa bai taɓa tambayar abin da ke faruwa a tsakani ba.

Wata rana aka ɗauke wuta a wurin aiki, ya dawo gida da hantsi. Ya tarar da ɗaki a rufe, yana jin fat-fat daga ciki, da tarin nan na matarsa da suka yi watanni suna kira mura. Ya tura ƙofa. Tana tsaye tana kakkaɓe rigarsa ta jiya, hasken rana ya ratso ta taga, ƙura fara fat tana ninkaya a ciki daidai fuskarta.

"Maman yara, me ya sa kika rufe ƙofa?"

"Haba maigida, in na kakkaɓe a waje ai shanyar maƙwabta zan ɓata. Tun ina amarya haka nake yi. Nan da nan take kwantawa."

Tsoro ya kama shi. Washegari ya kai ta asibiti, aka ɗauki hoton ƙirjinsu su biyu. Nasa lafiya lau. Likita ta ɗaga nata a haske ta daɗe tana dubawa, sannan ta juyo gare shi.

"Malam, shekara nawa matarka ta yi tana yankan dutse?"

Ya buɗe baki zai ce ko injin ba ta taɓa riƙewa ba. Sai ya sunkuyar da kai.

"Ashirin da biyu," in ji shi.