Kiɗan Asabar da Shirun La'asar

A unguwarmu ta Koki ba wanda ya san ni da kiɗa. Malamin firamare ne ni, lissafi nake koyarwa, kuma ko a bikin ƙanwata ban ɗaga ƙafa ba. Da za ka ce wa mutanen lungunmu akwai inda nake tara jama'a daga ƙasashen duniya suna tsalle da umarnina, sai su ce a kai ka asibiti a duba ka.

Amma haka abin yake. Wasu shekaru da suka wuce na faɗa wata duniya da aka gina a cikin intanet. Da kwamfuta ake shiga, a ba ka ɗan mutum-mutumi ya zama kai, ka sa masa kayan da ranka yake so, ka yi ta yawo da shi a tituna da gidajen da babu ƙasa babu siminti. Akwai zaurukan rawa a can, kowanne da mai shi, kuma kullum ana neman mai sa kiɗa, wato DJ. Ni kuwa tun ina saurayi nake tara waƙoƙi yadda abokaina suke tara tattabaru. Na gwada sa'ata, aka ba ni ranar Asabar, daga bayan Azahar zuwa dab da Magariba.

Ɗakina a bene yake, taga ɗaya, tana kallon lungu. Kayan aikina tsohuwar kwamfuta ce, da batirin sola, da abin kunne, da makirufo da na ɗaure wuyansa da kyauron taya don yana kwanciya. Mutum-mutumina kuwa kaftani na sa masa da hula, don ban ga dalilin da zai sa in je wata duniya in zama wani ba. Nakan shimfiɗa kiɗan inji irin nasu, in ɗora kalangu ko goge a kai, sai ka ga zaure ya rikice. Gwanintar abin duk a wuri ɗaya take: ka haɗa wutsiyar waƙa da kan wata ba tare da an ji gaɓa ba. Dokar farko da ake koya wa kowane sabon shiga ita ce kada ka yarda a yi shiru, ko na numfashi ɗaya. Ina son abin nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Mutumin da duk mako yake fama da yara kan bakwai sau takwas, idan ya ga zaure cike ana rubuta masa sannu da aiki, sai ya ji kansa ya ɗan ƙara girma.

Mahaifiyata, Umma, ita ce mai gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Sunan da ta sa wa abin shi ne kiɗan aljanu. Ta leƙo sau ɗaya, ta ga wani mai kan doki yana rawa da wata mai fikafikai, ta yi a'uziyya ta sauka. Ba ta hana ni ba, sai dai dokarta ta tun muna yara tana nan: da an fara kiran salla, kowace rediyo a gidan nan ta yi shiru.

Na ce, "Umma, ai a kunnena kaɗai yake, ba mai ji."

Ta ce, "Ba mai ji? To su masu kan dokin da me suke rawa?"

Gaskiya ma ko ba ta faɗa ba, hannuna da kansa yake zuwa ya kashe, don a haka na tashi. Matsalar ita ce La'asar tana faɗowa ne a tsakiyar lokacina, kuma a Koki ba sau ɗaya ake kira ba. Ladanin ƙofar gidanmu zai fara, kafin ya kai rabi na bayan layi ya ɗauka, can kuma ka jiyo na wajen Jakara da lasifikarsa mai shaƙewa. Kafin su gama an kusa tayar da salla, sai in sauka masallaci. Nakan rubuta wa mutanen zaure cewa na tafi ibada, zan dawo. Mutum-mutumina yana nan tsaye yana gyaɗa kai shi kaɗai, ba kiɗa ba dalili.

Wata Asabar na manta ban kashe makirufo ba, ga taga a buɗe. Da na dawo zauren ya zama kango, kamar yadda ya saba. Sai dai a bakin ƙofa akwai wani da na daɗe ina gani. Bai taɓa rawa ba, bai ma canza kayan da ake ba kowa ranar farko ba, farar riga da baƙin wando. Ya bar mini rubutu, da Hausa:

"Malam, don Allah wannan ladanin mai shaƙaƙƙiyar murya, ba daga Jakara yake ba?"

Sai da na cire abin kunne na dubi taga. Na rubuta masa, "Daga can ne. Wa ke magana?"

Dattijo ne, haifaffen Jakara. Ya tafi karatu wata ƙasa mai sanyi tun yana matashi, aiki ya riƙe shi, ya yi aure, ya tsufa a can. Yanzu ciwon ƙoda ya ɗaure shi da injin asibiti, likitoci sun ce doguwar tafiya ba tasa ba ce. 'Yarsa ce ta buɗe masa wannan duniyar don ya rage kaɗaici. Ya ce kalangu ne ya fara jawo shi, amma yau ya ji abin da ya fi kalangu. Ya ji ƙarar buta a kan siminti, da jan takalma, da kukan akuya, da mai gurasa tana talla. Ya ce, "Ɗana, idan ba takura, ka riƙa barin abin maganar nan a buɗe."

Daga ranar nake ce masa Baba, kuma daga ranar da gangan nake jawo makirufo bakin taga kafin in sauka. Idan na dawo mukan ɗan taɓa hira a rubuce. Tambayoyinsa ƙanana ne. Har yanzu kwatar nan tana cika da damina? Ana buga shuni a inda ake bugawa? Wani lokacin ba ya cewa komai sai na gode.

Mai zauren Baturiya ce, siffarta a can kyanwa ce mai tsayin mutum da jan kwat. Ba muguwa ba ce, ita ce ma ta koya mini rabin abin da na iya. Amma wata rana ta kira ni gefe ta ce shirun nan yana kashe mata wuri. Mutane suna zaton layi ne ya yanke, su tafi wani zauren, ba sa dawowa. Ta ce ba ta hana ni ibada ba, in sa doguwar waƙa ta yi ta juyawa har in dawo, kowa ma haka yake yi idan zai shiga banɗaki. Kalmar banɗakin nan ta ɓata mini rai. Na rubuta mata amsa mai zafi, na goge, na sake rubuta wadda ta fi ta, na sake gogewa. Da na huce na ga tana da gaskiyarta, zaurenta ne. Ta ce in zaɓa, ko kiɗa ba yankewa, ko ta ba wani Asabar ɗin.

Na gaya wa Baba. Ya rubuta, "Kada ka rasa wurinka saboda tsoho. Na ji abin da na ji, alhamdu lillahi."

Wannan haƙurin nasa ne ya ƙarasa ni. Da ya roƙe ni, wataƙila da na yi ta lissafi. Na yi tunanin mutumin da duk mako yake jiran ɗan wannan lokacin, garinsu gaba ɗaya ya taƙaita a abin da tagata take iya ɗaukowa, sannan in rufe masa shi da ganga. Na yi sallama da mai zauren cikin mutunci, na koma wani fili a bakin ruwan ƙarya, inda kowa yake iya tsayawa ba mai kora.

Abin ya yi mini ciwo, ba zan yi ƙarya ba. Daga zaure cike na koma sa wa mutum uku ko huɗu kiɗa, ɗaya ma ina zargin barci yake yi. Nakan haɗa waƙa biyu haɗin da ni kaina na san ya yi kyau, in duba, ba wanda ya lura. Amma da La'asar ta yi, mai farar riga yana nan tsaye.

Mun ci damina guda a haka, har sanyi ya shigo. Sai wata Asabar bai zo ba. Ta gaba ma haka. A unguwarmu idan ba a ga mutum a sahu ba kwana biyu, ana idar da salla za a ce a leƙa gidansa. Ni kuwa ina zan leƙa? Ban san sunansa na gaskiya ba, ban san garin da yake ba. Na tura saƙo, shiru. Na ci gaba da ajiye makirufo a taga, ina jin kamar mai zuba abinci a kwanon wanda ya yi tafiya.

Ranar da farar rigar ta sake bayyana, tun daga tafiyar na san ba shi ba ne. Baba a hankali yake zuwa ya tsaya. Wannan kuwa da gudu ya shigo, ya wuce ni, ya faɗa ruwa, ya fito. Aka rubuto da Turanci, sannan da wata Hausa mai ɗingishi: ita 'yarsa ce, Baba ya rasu, an binne shi a can.

Na kashe kiɗan, na yi salati. Na rubuta mata Allah ya jiƙansa, sai na ga rubutun ya yi mini ƙanƙanta. Ta ce ta zo ne ta ji abin da yake saurara, don duk Asabar yakan rufe ƙofa, ya hana kowa magana, kuma ba ta taɓa jin waƙa tana fitowa ba a lokacin.

Na sauko ina share ido, Umma tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta san labarin Baba, don na sha ba ta. Da na faɗa mata, ta ajiye farantin.

Ta ce, "Yarinyar tana ina?"

"Tana ciki, Umma. A cikin kwamfutar."

"Wa ya yi mata gaisuwa?"

"Na rubuta mata."

Ta yi mini wani kallo, ta yafa mayafinta kamar mai fita unguwa, ta kama bango ta hau benen da gwiwarta ta daɗe da hana ta hawa. Na sa mata abin kunne a kan ɗankwali, na buɗe wa yarinyar murya. Umma ta matso da bakinta ta ce, "'Yata, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta, ya ba ku dangana." Ba ta rage komai ba, yadda za ta yi a kowane gidan makoki. Sannan ta tambaye ta gidan su wa a Jakara. Yarinyar ta ce ba ta sani ba, ba ta taɓa zuwa ba, abin da kawai ta sani kakarta gurasa take yi.

Umma ta ce, "To ai mun ci gurasarku. Ke tamu ce."

Na ji kukan yarinyar yana fitowa ta gefen abin kunnen. Daidai nan ladanin ƙofar gida ya fara. Na buɗe taga, na jawo makirufo, na bayan layi ya ɗauka, can na Jakara ya shigo da shaƙaƙƙiyar muryarsa. Na tsaya ina jujjuya hula, ban san ko in tafi ba.

Umma ta ce, "Wuce ka yi sallarka. Ba a barin mai makoki ita kaɗai."

Da na dawo na tarar da ita zaune a kan tabarma gaban kwamfuta, abin kunne ya karkace, carbi a hannunta. A fuskar kwamfutar mai kaftani da mai farar riga suna tsaye gefe da gefe a bakin ruwa. A ƙasa mai gurasa tana wucewa da tallarta, Umma ta ɗaga mini hannu kada in yi magana.