Ni da Dada Tela

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata, ban da ranar da aka zaunar da ni a ofishin tantance sababbin ɗalibai, aka tambaye ni wace ce ni, na kasa tabbatarwa. Ni fa, wadda duk 'yan ajinmu ke kira Hajiya Tsari.

Ban ci sunan nan a banza ba. Tun muna aji huɗu na sakandare a Jimeta na yanke cewa injiniya zan zama. Na sayi littafi mai baƙin bango, na ja layuka da rula. Shafin farko darussan da ake buƙata, na biyu makin da ya kamata in ci, na uku jami'ar da zan zaɓa da wadda zan ajiye ta ko-ta-kwana. Har layin da zan kama ɗaki a Sangere, unguwar da ke bakin jami'ar, na rubuta, wai kusa da bakin titi saboda samun keke da safe. Duk wanda na gani yana wasa sai in girgiza kai in ce, "Tun ran gini ran zane." Yarinya 'yar shekara goma sha biyar tana magana kamar kakar wani. Yanzu idan na tuna, mamaki nake yadda ba a taɓa haɗuwa aka lakaɗa mini duka ba.

Wadda ta fi shan wa'azina ita ce ƙawata ta unguwar Karewa, 'yar wata malamar makaranta, mutanen Numan ne. Ita kam ba ta da tsari ko na anini. Wannan makon nas za ta zama, mako mai zuwa mai karanta labarai a talabijin. Ina tausaya mata a fili, tana dariya tana cin gyaɗarta.

To amma akwai abin da bai shiga littafin ba. Sunan kakata aka sa mini, mahaifiyar Baba, shi ya sa a gidanmu na unguwar Wuro Hausa ake kirana Dada, wato uwa da Fulatanci. Innata kuwa Bafulatana ce ta gaske. Sunan surukarta, da na mijinta, da na 'yarta ta fari, ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za su fito daga bakinta ba. Ita kuma ta kai ni firamare, don ranar Baba na fama da ɗinkin salla. Hedimasta ya tambayi sunan yarinya, ta ce Dada. Ya tambayi sunan uba, ta ja mayafi ta dubi ƙasa. Da ya matsa, sai ta ce, "Tela ne." Bawan Allah ya rubuta Dada Tela, ya rufe rajista. Da sunan nan na gama firamare, da shi na shiga sakandare, da shi makaranta ta yi mana rajistar jarrabawar fita.

Da lokacin jarrabawar shiga jami'a ya zo, aka ce sai da katin ɗan ƙasa. Baba ya riga ya rasu muna aji biyar. Na buɗe gwangwanin da yake ajiye takardu a ƙarƙashin kekensa na ɗinki, na ciro takardar haihuwata, na ga sunana na yanka da nasa a rubuce dalla-dalla. Kada ku ɗauka ban lura da bambancin ba. Na lura, har murna na yi. Na ce yauwa, wannan ne sunan manya. Injiniya Dada Tela ai sai a ɗauka keken ɗinki nake gyarawa. Da sunan yankan na yi katin, da shi na yi rajistar jarrabawar.

Da na nuna wa ƙawata katin ina yanga, ta juya shi ta ce, "Kai Dada, mama na ya ce suna biyu a takarda wahala ne fa. Ka je ka gyara tun yanzu."

Na ce, "Ki fara gyara Hausarki tukuna. Mace ake ce wa ya ce?"

Ta miƙo mini katina. Wannan maganar har yau tana ci mini rai.

Sakamako ya fito, na ci duka biyun, sunana ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka. Ranar Laraba na tafi tantancewa da takarduna a jere cikin fayil, kowace da 'yar alamarta. Jami'in wani dattijo ne mai tabarau a kan hanci. Ya ɗauki sakamakon sakandare da hannun dama, na jarrabawar shiga jami'a da hannun hagu, ya dubi wannan ya dubi wancan, sannan ya leƙa bayana.

"Ina ɗayan?" in ji shi.

Na ce, "Wace ɗaya, yallaɓai?"

"Mutum biyu na gani a nan. Wannan ya ci Fizis, wannan ya ci jarrabawar shiga. Ke wace ce a ciki?"

Na fara ba shi tarihin kakata, 'yan layi suna ƙunshe dariya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ya yarda da ni ɗari bisa ɗari, don shi ma a gidansu ba a kiran sunansa, amma fayil ba ya jin labari. In kawo takardar rantsuwa daga kotu da sanarwa a jarida kafin a tashi aiki ranar Juma'a, in ba haka ba gurbin na wanda ke jira ne. Da yake ban cika sha takwas ba, uwa ko uba ne zai rantse.

Na dawo gida na sauke wa Inna kwandon rashin kunya. Na ce kunyarta ta ƙauye ta kashe mini rayuwa, shekara uku ina shiri ta rusa da kalma ɗaya. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba sai da na gaji. Sannan ta ce, "Ni ban yi boko ba, Dada. Sau ɗaya na faɗi sunan nan. Ke da kike rubuta shi kullum a bangon littafi shekara goma sha biyu fa?"

Sai na fashe da kuka, abin da duk mai babban baki ke yi idan an kama shi.

Ranar Alhamis ba ta ce za ta kotu ba, ba ta ce ba za ta ba. Ni kuma girman kai ya hana ni roƙo. Safiyar Juma'a na fito na tarar ta yafa mayafin unguwa tana jirana a zaure. A kotu magatakarda ya ce ta faɗi cikakken sunan yarinya da na ubanta. Ta faɗa can ƙasa-ƙasa, ya ce bai ji ba, fanka na ƙara. Ta sake faɗa da ƙarfi. Sunan mutumin da ta zauna da shi shekara da shekaru ba ta taɓa kira ba yana raye, ta kira shi sau biyu a gaban baƙo, magatakardan kuwa yana neman murfin bironsa. Da muka fito ta goge ido da bakin mayafi, ta ce ƙurar titi ce. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Daga nan muka ruga wurin wakilin jarida, ya ce sai bugun Litinin. Da na bi maganar ƙawata, ko na sauke kai na roƙi Inna tun Laraba, da an gama. Gurbin ya tafi.

Shekarar nan a shagon Baba na yi ta, ina sa maɓalli a rigunan mutane, Dada Tela ta gaske. Ƙawata marar tsari kuwa ta shiga makarantar koyon aikin jinya da sunanta guda ɗaya tal. Ranar hutu takan biyo ta kawo mini gyaɗa, ba ta taɓa cewa ai na gaya miki ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na shiga jami'a a shekara ta gaba, na kuma zama abin da na ce zan zama. Amma abin da na koya ba a aji na koye shi ba. Laifi tudu ne, na taka nawa shekara uku ina hango na kowa. Mai shiri ya fara da abin da ke gaban hancinsa, ya kuma saurari mai ba shi shawara ko da Hausarsa a karkace take. Littafin nan yana nan har yau. Duk yaron da ya zo in taimaka masa da tsarin shiga jami'a, nakan nuna masa shi ya sha mamaki, sannan in ce ya je ya kwaso takardunsa duka, mu fara duba ko shi mutum nawa ne.