Abin da Jinin Baba Ya Faɗa

Mahaifina mutum ne da za ka tambaye shi komai na duniya ya ba ka amsa, amma ban da zancen shanunsa. Ka ce nawa ne, ya ce alhamdu lillahi. Ka ce sun haihu bana, ya ce ai damina ta yi kyau a arewa. Haka ya tarar ubansa yana yi. A wurin makiyayi, faɗin aibin garke kwance wa kai zane ne a kasuwa, kuma ranar da aka ji garkenka da ciwo, ranar matarka za ta dawo da ƙwaryar nononta a cike.

Ni ce 'yarsa da aka sa lakwal, wato makarantar boko, har na zama malama a Malbaza. Su kuwa suna rugarsu a dajin Dogarawa. Shekarar da nake ba da labari, zazzaɓi ya kama shi bayan girbi. Zazzaɓi ne mai wayo. Sai rana ta yi sanyi ya taso, ya jiƙa masa riga sharkaf da gumi, da safe ya tafi kamar bai zo ba. Wani lokaci ya yi kwanaki bai leƙo ba, har a ce an rabu, sai ga shi ya dawo. Kowa ya ce cizon sauro ne. Aka sayi ƙwayoyi wurin masu talla a kasuwa, ya sha. A ɗakin shan magani na ƙauye aka soki yatsarsa, aka ce ba na sauro ba ne, ya je Ƙonni a duba shi da kyau. Ya ce shi da Ƙonni sai ranar sayar da sa. Masu cewa taifot ne suka kawo saiwoyi, wanzami ya kafa masa ƙaho a baya, ciwo dai ya sauka ƙugu ya zauna.

Ran nan Inna, mahaifiyata, ta kira ni a waya. Ba ta ja zance ba. Ta ce, "Babanki zamne shike salla."

Na ajiye alli. Mutumin da yake bin shanu da ƙafa har arewa ya dawo, wanda yake yi mana dariya idan mun jira mota, shi ne ba ya iya miƙewa gaban Ubangijinsa. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na ce a raina, in ban yi da gaske ba, Baba ya gama tsayuwa a duniya. Washegari na je, ban nemi shawararsa ba, na sa aka ɗora shi a motar kasuwa. Tun daga Dogarawa har Ƙonni yana yi mini faɗa, ni kuwa na toshe kunne, don taurin kan nan a wurinsa na gada.

Likitan da ya gan mu dattijo ne mai sanyin magana. Ya kwantar da Baba, ya danna cikinsa, ya bubbuga ƙugun har Baba ya cije leɓe. Ya tambayi yadda zazzaɓin yake zuwa da yadda yake tafiya, da irin magungunan da aka sha. Ya tambaya ko yana shan nono ɗanye. Nan Baba ya saki jiki. Ya ce tun da aka yaye shi bai taɓa kai dafaffen nono bakinsa ba, da ɗuminsa yake sha, da kumfarsa, dafaffe na mutanen birni ne masu lalataccen ciki. Likita ya yi murmushi, ya bari ya gama, sannan ya ce, "Baba, shanunka suna ɓari?"

Baba ya kau da kai wajen taga. "Ni na zaka, ba su ba. Lahiya lau suke."

Ni na san ba haka ba ne. Inna ta gaya mini cewa shanu sun zubar da ciki a bana, kuma Baba da hannunsa ya ciro mahaifar da ta maƙale, ya kai nesa ya binne don kada maƙwabta su gani. Amma wace 'ya ce za ta ƙaryata ubanta a gaban baƙo? Likita ya dube ni, na dubi ƙasa. Bai matsa ba, ya tura mu wurin awon jini.

Abin da na gani a ɗakin nan har yau ina tuna shi ina jinjina kai. Mai awon ya ɗebi jinin, ya sa a wata na'ura ta juya shi har ya rabu biyu, ja a ƙasa, wani ruwa fatsi-fatsi a sama. Na ce masa ni malama ce, ko zai bari mu gani. Ya ce mu matso daga bakin ƙofa. Aka jawo wa Baba kujera. Mai awon ya ɗiga ruwan jinin a kan wata farar takarda mai kauri, ya ɗiga wani ruwa mai launin hoda a gefensa, ya gauraya da tsinke, ya riƙa jujjuya takardar a hankali. Ya ce a cikin ruwan hodar nan akwai matattun ƙwayoyin cutar da ake zargi, an rina su don a gan su. Idan jikin mutum ya taɓa gamuwa da irinsu, jininsa ya san su, zai cafke su. Idan bai san su ba, ruwan zai zauna sumul.

Muka zuba ido. Da fari babu komai. Can sai ruwan ya fara tsinkewa, ƙananan gudaji suna fitowa suna haɗuwa, kamar madarar da aka zuba wa tsami. Ɗigo ɗaya, wanda bai kai ƙwayar wake ba, ya riƙe labarin abin da ya faru a daji, wanda aka binne aka share sawu. Ina koya wa yara cewa akwai halittun da ido ba ya gani, na rubuta a allo ban san sau nawa ba, amma sai ranar na yarda da abin da nake koyarwa. Na ce Allah mai iko, ka sa wa jinin bawanka ido da tunani, shi mai jinin bai sani ba.

Baba ya daɗe yana kallon takardar. Ya san tsinkakken nono in ya gan shi, bai nemi a fassara masa ba. Da muka koma wurin likita, kafin a tambaye shi komai, ya ce, "Likita, jinina ya riga ni hwaɗi. Sun yi ɓari. Ja mai hwarin goshi ita ta hwara, kuma nononta ni ka sha."

Saniyar nan ba kamar sauran ba ce. Jikar jikar wadda ubansa ya ba shi ce tun yana yaro, kuma gwiwarta ta daɗe da kumburi, abin da makiyaya suke kira bakkale. Likita ya ce ciwon ke nan, ƙwayar cuta ce da take zama a nono da mahaifar dabba, ta shiga mutum ta baki ko ta tsagar hannu, ta ɓuya a ƙashi da gaɓoɓi. Ya ce yana da magani, amma sai an yi haƙuri: ƙwayoyi iri biyu, mako shida cur, ko an ji sauƙi ba a dainawa. Ɗaya zai mai da fitsari ja, kada a tsorata. Ɗayan kuma ba a haɗiye shi da nono, don nono yana rage masa ƙarfi. Baba ya tambaya, to da me mutum zai haɗiya? Aka ce da ruwa. Ya dubi likita kamar an ce ya ci ƙasa.

A gidana ya yi jinyar, don na san in ya koma ruga zai raba ƙwayoyin nan da duk mai ciwon baya. Ni nake ba shi da hannuna, in tsaya sai ya haɗiye. Nono kuwa sai na tafasa, ya sha yana yamutsa fuska yana cewa an kashe shi. Zazzaɓin ya fara ja da baya, gumin ya ɗauke, amma ƙugun ya ƙi sakinsa da wuri. Kullum in ya shimfiɗa buzu sai in sami abin yi a tsakar gida, ina satar kallo. Wata la'asar na ga ya dafa bango, ya miƙe, ya saki bangon, ya ɗaga hannu ya yi kabbara. Na shige madafa na yi kukana can, don kada in ɓata masa salla.

Da ya koma ruga, malamin dabbobi ya zo ya auna shanun, da irin ruwan hodar nan. Ja mai farin goshi tana cikin waɗanda jininsu ya tsinke. Aka ce a raba su da garke. Ƙannena suka ce za su kai Ja kasuwar Badagishiri a mota, Baba ya ce ba mai taɓa igiyarta. Da ƙafa ya ja ta. Ni na bi mota na riga shi, na tsaya a bakin kara ina jira, har na hango shi tafe, sanda a kafaɗa, saniya a baya, yana taku irin nasa na da.

Wani makiyayi ya ga kyanta ya taya, don saniya ce mai cika ido. Baba ya girgiza kai, ya ɗaga murya yadda duk na kusa za su ji. Ya ce, "Wagga ba ta kiwo ba ta. Bakkale gare ta, ni ta kayas. Mahauci za ni baiwa."

Da aka gama ciniki da mahauci, ya shafa goshinta, ya kwance igiyar, ya naɗe a hannu. Na ce ya zo mu shiga mota, ya ce in tafi abina, zai tako.