Jumai Mai Markaɗe Ta Shiga Wajen Baba

"Injin ya sake mutuwa?"

"Ya mutu. Ita kuma ta shige ɗaki."

"Ta bar mu a rana da bokitai? Yin me?"

"Kai ƙara wajen Baba."

"Wane Baban? Mahaifinta ai ya daɗe da rasuwa."

"Ke baƙuwa ce a layin nan, ko? Allah take nufi. Haka suke kiransa a cocinsu."

Wadda matan da ke layin markaɗe ke maganarta ita ce Jumai mai markaɗe. A Wusasa aka haife ta, aure ya kawo ta Tudun Wada, da mijinta Charles ya rasu ya bar mata injin markaɗe da 'ya ɗaya, Christabel. Markaɗenta da laushi, amma a da bakinta ya fi injin ƙara. Mai wake ta sha, mai tattasai ta sha, har faston cocinsu ya taɓa shan nasa.

Bakin nan ne ya raba ta da 'yarta. Wata safiya Christabel ta yi tuntuɓe ta zubar da ƙullun wata mai ƙosai, Jumai ta ce mata a gaban jama'a, "Da na haifi turmi da ya fi min amfani."  Yarinyar ta kwashe kayanta ta koma gidan gwaggonta a Kwangila, can ta yi aure, ba ta ƙara tako layin ba.

Tun daga nan Jumai ta ɗaukar wa kanta doka: duk abin da ya ɓata mata rai, sai ta faɗa wa Baba kafin ta faɗa wa mutum. Kada ka zaci durƙuso take yi cikin natsuwa. Safa da marwa take yi tsakanin gado da ƙofa, tana yarfa hannu, ɗankwali na zamewa. Wani lokaci ta fito da sauran masifa a baki, ta juya ta sake komawa.

Yau da igiyar tayar da injin ta tsinke a hannunta, har ta buɗe baki, sai ta hango ƙarshen layi. Christabel ce tsaye da bokitin wake, ga ciki ya fito, idonta a ƙasa. Jumai ta saki guntun igiyar ta faɗa ɗaki.

"Baba, ka gani ko? Yau ɗin da ta zo, yau injin zai mutu? Me zan ce mata? In na ce sannu, zai fito kamar faɗa. In na yi shiru, ta ce ban huce ba. Ka san bakin nan, kai ka yi shi. Ka riƙe min shi. Injin ma ka bar shi, zan kira mai gyara."

Maƙwabciyarta Atika ta leƙo ta taga. "Jumai, in kin gama da Baban naki, mata sun fara ɗaukar bokitansu. Wai za su injin Tudun Jukun."

"Su tafi."

"Har da mai cikin."

Jumai ta fito ba takalmi. Christabel ta riga ta sunkuya tana ƙoƙarin ɗora bokiti a ka. Maganar da ta fara zuwa bakin uwar ita ce, wa ya ce ki ɗauki kaya da wannan cikin, ba ki da hankali ne? Ta danne ta da ƙyar. Matan layi suka zuba mata ido.

Jumai ta jawo kujerar da take zama a kai, ta goge garin da ke samanta da gefen zaninta.

"Christabel," ta ce, "sauke bokitin nan. Ko injin bai tashi ba yau, don Allah ki zauna ki sha ruwa a gidan nan."