Siniyar da Ustaz Haruna Ya Mayar

Mun tashi da asuba daga Sinnar ta ƙasar Sudan, ana sallame salla muka nufi tashar lori, ni da wani abokin aikina da muka tsufa tare a bakin allo. Ba marmarin yawo ne ya fitar da ni ba. Ƙanwata ce ta zo min da hawaye a kan ɗanta Haruna, wanda ya gama makarantar horon malamai bara aka tura shi wani ƙauyen Hausawa bayan Managil. Ya aiko cewa zai ajiye alli ya nemi aikin akawu. Ajin farko da aka taɓa buɗewa a ƙauyen ya watse a hannunsa, ga mai duba makarantu yana tafe ƙarshen wata. In ya tarar da benci ba yara, za a kwashe makarantar a kai wani gari.

Gaban lori ya cika tun kafin mu iso, sai muka hau baya muka zauna kan buhunan albasa, rawunanmu suna shan ƙamshi. Direba ya bi gefen tur'a, wato babbar magudanar da ke kai ruwa gonaki, yana gudu kamar an biyo shi. Hagu da dama auduga ce kore shar, tsinka da saura, balbelu suna bin masu ban ruwa. A Managil muka karya da wake da man riɗi da kisra mai zafi, wato wainar dawa mai faɗi marar kauri. Shayi ya ƙara kuɗi, kofin kuma ya ƙanƙance. Abokina ya yi ta mita, amma sai da ya sha uku. Daga nan keken jaki ya ƙarasa da mu.

Makarantar ɗaki ɗaya ce na tubalin laka, mutanen gari suka gina da hannunsu. Muka tsaya ta taga Haruna bai sani ba. Gaskiya yaron ya iya koyarwa: rubutunsa fes, yana koya lissafi da ƙwallon dabino, in Larabci ya shige wa yaro duhu sai ya juya masa da Hausa, kuma ban ga bulala ba. Na ji daɗi har cikin raina. Sai dai yaran da ke gabansa ba su cika benci biyu ba. Da aka tashi muka gaisa, ya ce min iyaye ne ke kwashe su zuwa hawasha, wato gonakin haya. Amma ni a hanya na ga yara birjik suna wanka a tur'a.

Da azahar ya kai mu ɗakinsa, ya kunna risho zai dafa mana adas, wani irin wake ƙanana. Na ce, “Ina siniya?” Duk wanda ya koyar a ƙauyukanmu ya san al'adar: gida-gida ake juyawa, kowace rana gida ɗaya ya aiko wa malami babban tiren abinci, kamar yadda ake yi wa malamin allo tun zamanin kakanni.

“Kawu, na mayar,” in ji shi, har da ɗan alfahari. “An koya mana kada malami ya karɓi komai hannun iyaye, don kada ya fifita ɗan wani.”

Abokina ya ƙware da ruwa. Ni kuwa raina ya ɓaci, ba a kan Haruna ba, a kanmu manya da muke sakin yaro cikin gari da littafi kawai.

Bayan la'asar muka je gaida mai gari. Dattijo ne mai sanyin magana, amma bai yi kwana-kwana ba. “Ya ustaz, mu mun saba da masu ƙyamar tuwonmu,” ya ce da ni. “Sai munka ji an aiko muna namu, munka yi murna. Ran farko tsohuwa Inna Kulu ta yanka kazarta guda, sai ga siniya ta komo a ruhe. Munka ce to, wanga ya yi karatu, ya hi ƙarhin akushinmu. Ƙaƙa za mu ba shi ɗiyanmu?” Haruna ya sunkuyar da kai. Wata da watanni yana zaton gaskiya yake riƙewa, gari kuma yana ganin an wulaƙanta shi.

Ban bari ya yi dogon ba da haƙuri ba. Na ja shi gidan Inna Kulu, wadda ita ta fara janye jikokinta. Ya durƙusa a bakin zaure da farar jallabiyarsa ya ce, “Inna, yunwa nake ji.” Ta dube shi sama da ƙasa. Sannan ta shiga ta fito da sauran tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, ta zambaɗa masa barkono, ina zaton da gangan. Ya ci yana hawaye yana jan hanci, bai bar ko loma ba. Ta ɗauke kwanon ta duba ciki, ta juya ta ce wa jikokinta, “Gobe ku tashi da wuri.”

Muka kwana. Da safe aji bai cika ba, ba zan yi ƙarya ba, amma sai da aka shimfiɗa tabarma a bayan benci. Da rana siniya ta zo daga wani gidan, kuma mai gidan da kansa ya biyo ta, ya zauna yana tambayar yadda ɗansa yake a lissafi. Haruna bai sake ambaton aikin akawu ba.

A hanyar komawa, kan buhunan gyaɗa wannan karon, na yi ta tunanin abin da zan riƙa faɗa wa sababbin malamai. Adalci a cikin aji ake yin sa, wajen tambaya da gyaran rubutu. Abincin da kowane gida ke bayarwa bi da bi ba ya sayen malami, yana dai sanar da shi gidan da yaro ya fito: wa ke zuwa ba karin kumallo, uwar wa ke kwance. Malamin ajin farko ya fara koyon gari kafin ya koya wa gari.

Mun iso Sinnar da magariba, ƙanwata tana jira a ƙofar gida. Kafin ta buɗe baki na kwance ƙunshina na miƙa mata rishon Haruna. Ta ce, “Yaya, to da me zai dafa abinci?” Na ce mata ta ajiye shi a ɗaki, ɗanta ya sami masu ciyar da shi.